Injin Da Ya Ci Dutse

"Kai na, Almustapha! Kai kas sa guba cikin tuwon unguwarmu, kai kas sa anka kori ɗiyata daga ɗakinta. Hito nan ka hwaɗi da bakinka!"

Hure ce ke wannan magana, da hantsin ranar Litinin, a ƙofar ofishin wata ƙungiya mai taimakon 'yan gudun hijira a garin Anka. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa, ta haura sittin, gajera, muryarta ta fi jikinta girma. A bayanta ga amalanken shanu, a kansa an ɗaure wani injin niƙa shuɗi da igiya. A kanta ga kwano a rufe. Almustapha, jami'in da take kira, yana ciki tare da baƙi uku da suka zo daga Gusau don ganin aikinsa. Ya ji ta sarai, amma bai fito ba tukuna.

Abin da ya kawo ta ƙofar nan ya faro tun damina biyu da suka wuce.

A waccan daminar 'yan bindiga suka ƙone wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum. Wata mata mai suna Zuhura ta tsira da goyon 'yarta Asma da zanen da ke jikinta. Mijinta bai tsira ba. Ta bi sahun mutane har Anka, aka zuba su a wani kangon gini a bayan gari, ba ƙofa ba taga, buhuna aka rataya aka raba iyali da iyali. Kullum da safe matan kangon kan shigo gari suna bin gidaje. Akwai surfe? Akwai wanki? Mutanen gari kuwa ba sa son ganinsu, kuma ba rowa kaɗai ba ce. Ana ta faɗin cewa a cikin masu gudun akwai infoma, masu leƙa gidan da ke da shanu ko babur su kai wa mutanen daji labari. Don haka mace na yin sallama da baƙuwar murya, sai a amsa mata daga bayan katanga, a ce babu.

Ranar da Zuhura ta yi sallama a ƙofarta, Hure ba ta amsa daga bayan katanga ba. Ita ma ba haifaffiyar Anka ba ce, daga Dareta ta taso shekara goma sha biyar da suka wuce, ta san irin kallon da ake yi wa baƙo. Ta ba Zuhura dakan kalwa. Ta zauna a kan turmin da ta kife tana kallonta, ta ga ko ƙwaya ɗaya ce ta yi tsalle ta faɗi ƙasa sai matar ta tsince ta mayar. Da aka gama ta tambaye ta inda suke kwana. Da ta ji, sai ta ce, "Tahi ki kwaso tsummokaranki. Ga ɗaki nan kusa da zaure, ɓeraye kaɗai ka kwana cikinsa, su kuma ba su taya ni hira."

Kwana biyu da wannan, mai unguwa Sambo ya aiko kiran Hure.

"Inna Hure, kin san halin da ake ciki. Matar nan da kika sauke, wa ya san ta?"

"Ni."

"Tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya. Kai da nis sani shekara goma sha biyar, mi niƙ ƙaru da shi?"

Dattawan da ke zaune a kan tabarma suka yi dariya, Sambo bai yi ba. Ya ce in wani abu ya faru fa? Ta ce in ya faru ita za a kama, gidanta ba ya gudu. Ya ce to, a wuyanta take. Ta ce wuyan ya ɗauki abin da ya fi wannan nauyi.

Haka Zuhura ta zauna, tana kiran Hure Inna, Hure tana kiranta ɗiyata. Amma dakan kalwa ba ya riƙe baki uku, kuma matan unguwa har lokacin in sun haɗu da ita a rijiya sai su gyara riƙon gugansu su yi shiru.

Sai ga ƙungiyar nan ta zo da farar mota. Suka rubuta sunayen matan kango, suka ɗauki hotuna, suka ce za su koya musu sana'a don su daina bin gidaje, su zama 'yan gari kamar kowa. Almustapha ne ke jagorancin aikin. Saurayi ne daga can gabas, mai Hausa irin ta rediyo, mai ladabi ƙwarai, in zai gaida tsohuwa har ƙasa yake durƙusawa. Hure da kanta ta kai masa Zuhura, ta ce a rubuta ta, don barin kango bai sa ta daina zama marar gida ba. Mako uku ana koyarwa. Wasu aka ce za a ba su keken ɗinki, wasu kayan yin sabulu. Zuhura aka ce injin niƙa, domin unguwarsu babu ko ɗaya, mata har kasuwa suke kai niƙa.

Ranar rabo aka jera injuna shida a filin ofishin, shuɗin fentinsu yana ƙyalli, an ɗaura wa kowanne jan ƙyalle. Aka yi jawabi, aka yi tafi. Hure ta rangaɗa guɗa har ta ƙware.

To, a ƙasar nan akwai wata tambaya. Tun abin da ya faru a shekarar dubu biyu da goma, babu mai karɓar injin niƙa daga hannun wani sai ya fara cewa, mi yac ci? Hatsi ko dutse? Domin masu haƙar zinari da irin injin da ake niƙa gero suke niƙa duwatsunsu, dutsen zinarin yankin kuwa cike yake da gubar dalma. Injin da ya ci dutse ya gama da abinci har abada. Mai shago ya san tambayar, matar aure ta sani, Hure ta fi kowa sani. Amma ranar nan ba ta yi ta ba. Fentin ya ce mata sabo ne. Kuma kyauta ce, daga hannun mutane masu takardu da farar mota, ga jama'a, ga masu hoto. Sai ta ji nauyi. Ita da ba ta jin nauyin mai unguwa, ta ji nauyin fenti.

Aka kafa injin a rumfar kwano a ƙofar gidan Hure. Ita kuma ta yafa mayafi ta shiga gidaje ɗaya bayan ɗaya.

"Ku kawo geronku ga ɗiyata. Ko kun hi son tahiya kasuwa rana na dukan ƙeyarku? In gari bai yi laushi ba ku zo ku zage ni, ga ni nan zaune."

Rahina, matar telan da ke katanga ɗaya da su, ita ta fara kawowa, da 'yarta Ladi da aka yaye kwanan nan a goye. Daga ita sai wata, sai wata. Kafin wata biyu, tun da safe kwanuka ke layi a bakin rumfa. Aka daina cewa 'yar gudun hijirar gidan Hure, aka koma cewa Zuhura mai inji. Aka fara aiko mata da kwanon suna. Da aka yi bikin ƙanwar Rahina, da ita aka yi anko, ita ta tuƙa tuwon baƙi. Asma kuwa a kan 'yar tabarma take wuni a gindin injin, tana wasa da murfin kwalba, gashinta ya yi fari da ƙura, matan unguwa suna tsokanarta suna kiranta tsohuwa.

Wata rana Rahina ta ce tuwon yana ɗan ƙas-ƙas a haƙori. Wata ta ce ai sabon inji haka yake yi kafin ƙarfensa ya goge. Aka bar maganar. Hure kuwa haƙoran da za su gaya mata gaskiya sun daɗe da zubewa.

Agwagi ne suka gaya mata.

Tana da guda huɗu, kuma tun da aka kafa injin suka tare a ƙarƙashin rumfar suna tsintar garin da ya zube. A wata na biyar, da safe, ta ga ɗaya tana zagaye wuri ɗaya, wuyanta ya murɗe baya. Kafin azahar ta mutu. Hure ta ce ko annobar kaji ce. Washegari ta biyu ta bi. Rana ta uku ta fito da tsintsiya ta tarar da ta uku a kwance a gindin injin, daidai gefen tabarmar Asma, ƙafafunta suna harbawa. Sai tsintsiyar ta faɗi daga hannunta.

A Dareta ma agwagi ne suka fara. Lokacin kowane gida ana dakan dutsen zinari a tsakar gida, ita kanta ta daka a turminta na hatsi, don aikin da ke kawo abin miya ke nan. Agwagin ƙauyen suka ƙare kaf, babu wanda ya tambayi dalili. Daga nan sai yara. Jikokinta biyu, Makau da Zinatu, kwana tara tsakaninsu. Zinatu a cinyarta ta yi ta jijjiga har ta bari. Daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe a motoci, aka kawo wata ƙasa aka zuba. Hure ba ta iya taka sabuwar ƙasar ba, shi ya sa ta baro ƙauyen.

"Kashe injin nan," ta ce.

Zuhura ta juyo, hannunta a cikin mazurari. "Inna, ga geron mutane ciki."

"Kashe shi nic ce! Ɗauke yarinyag ga daga nan!"

Suka kwance ƙusoshin, suka ciro faifan ƙarfen nan biyu da ke yin niƙan. Ta waje injin shuɗi ne sumul. Ta ciki ƙarfen ya ci rami-rami kamar fuskar mai zanzana, kuma a bayan faifan, a lungun da hannu ba ya kaiwa, wata ƙura toka-toka ta daskare. Hure ta kankaro ta da wuƙa. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta barbaɗa garin gero, ya tsaya a sama yana yawo. Ta barbaɗa ƙurar nan, ta nutse kai tsaye ta kwanta a gindin ƙwarya. Hure ta zauna a ƙasa, a cikin garin da ya zube.

"Inna, mi na?" Zuhura ta tambaya. Ƙauyensu noma kaɗai suka sani, ba ta taɓa ganin ramin zinari ba.

"Wanga inji ya ci dutse, ɗiyata. Wata biyar muna ba mutane shi cikin koko."

Ba wanda ya gani sai su biyu. Da Hure ta so, da sun ce injin ya lalace, a tura shi bayan gida a rufe da buhu, magana ta mutu. Ta yi wannan tunanin, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta dubi Zuhura da ankon bikin da ke shanye a igiya, ta san abin da zai biyo baya. Sannan ta dubi agwagwar. Ta tashi ta yafa mayafi, ta bi ƙofofin nan da ta bi wata biyar da suka wuce, ɗaya bayan ɗaya.

"Ku zubar da garin da ke gidanku, ku haƙa rami ku rufe, kada ku ba dabba. Ku kai ɗiya asibiti a auna jininsu. Ni nic ce ku kawo, ni kuma ka ce muku yanzu. Ban tambaya ba."

Aka auna yaran unguwa. An sami gubar a jikin da yawa, kaɗan-kaɗan. Biyu ne abin ya yi wa yawa, Ladi 'yar Rahina, da Asma. Ta Asma ta fi ta kowa. Aka ɗora su a kan magani, likita ya ce sai an daɗe ana sha, kuma ba zai yi alkawarin abin da gubar ta taɓa a kan yaro zai dawo ba.

Rahina ta dawo daga asibiti ba ta ko shiga gida ba, ta tsaya a bakin rumfa.

"Hito, muguwa! Mun ba ki wuri, mun ci da ke, kin saka muna da wannan?"

Hure ce ta fito. "Rahina, tata ɗiyar na kwance kusa da taki. Wace uwa ka sa guba ta shimfiɗa wa ɗiyarta tabarma a gindinta?"

"Ke kika kawo ta, Inna Hure! Ke kika ce in ba Ladi kokon!"

Hure ba ta koma ciki ba. Ta tsaya ta sha zagin, kamar yadda ta yi alkawari.

Kafin la'asar magana ta canja kama. Aka ce dama an faɗa, mutanen daji ne suka turo ta. Aka ce ba a san abin da take zubawa a mazurari ba in ba kowa. Aka jefi rumfar da duwatsu. Washegari Sambo ya kira Hure, wannan karon babu mai dariya a kan tabarma.

"Ni ban ce ta sani ba, Inna. Amma ba ni iya tare unguwa da hannu biyu. Waɗanda sunka ba ta injin su zo ranar Juma'a bayan an sauko, su hwaɗi gaban jama'a cewa haka yah hito daga hannunsu. In sun zo, ta zauna, ni zan tsaya mata. In ba su zo ba, ta koma inda tah hito, tun ba a yi abin da ba a so ba."

Ranar Litinin ke nan. Hure ba ta son zuwa ofis da baki kawai, kada a ce tsohuwa ce ke surutu. Ta nemo direban da ya kawo injunan, ya ce daga Gummi ya ɗauko su, wurin wani Naziru mai gyaran injuna. Ranar Talata ta shiga mota, a hanyar da mutane ke bi suna salati tun daga tasha.

Ta tarar da Naziru a cikin tarin ƙarafa, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Bai yi musu ba ko kaɗan. Ya ce injunan daga wurin masu haƙa suka fito, lokacin da aka tashe su daga wani daji.

"Kuma kas sayar don a niƙa abinci?"

"Inna, ni bai ce mini abinci ba. Duk wanda yaz zo nan, kahin shi taɓa inji sai ya ce mi yac ci, ni kuma in hwaɗa mashi gaskiya. Wanga bai tambaya ba. Abu biyu yat tambaye ni, suna tashi? Kuma ina da shuɗin fenti? Sai niy yi zaton ya san abin da shika saye."

"Mutum ya zo da motar masu taimako, da hoton mata a jikinta, kai kuma kay yi zaton zinari za shi haƙa?"

Naziru ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma. Ya ce ai an wanke su da omo kafin fenti. Hure ta tofa yawu a gaban takalminsa ta juya.

Ranar Laraba ta je wa Almustapha. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar kullum, ya sa aka kawo mata kujera da ruwan sanyi. Ta kwance gefen zanenta ta zube masa ƙurar a kan tebur, ta gaya masa komai, tun daga agwagi har Gummi. Ta ga fuskarsa ta canja, kuma ta yarda ba ƙarya yake yi ba da ya ce, "Wallahi Inna ban sani ba."

"Ka tambaya?"

"Tambayar me, Inna?"

Ta dube shi. Shekara biyu yana garin nan yana koya wa mutane yadda za su zauna da mutane, bai san abin da kowace mai koko ta sani ba.

"Sabo anka ce ka sayo?"

Ya ce na hannu sun fi sauƙi, ya ga da su mata shida za su samu maimakon uku. Niyyarsa alheri ce.

"Ban zo auna niyyarka ba. Sauran biyar ɗin suna ina?"

Ya ce biyu suna nan Anka, biyu a Bukkuyum, ɗaya a Gummi, kuma yau ɗin nan zai sa a tsayar da su. Ta ce madalla, saura Juma'a. Magana ce guda, ba ta kai tsawon alwala ba. So take ya zo ƙofar Sambo ya ce Zuhura ba ta sani ba, daga hannunsa injin ya fito. Ya dafa ƙirji ya ce in Allah ya yarda zai zo.

Ranar Juma'a Hure ta tsaya a gindin bishiyar dogon yaron da ke fuskantar masallaci tun kafin a tayar da salla. Aka sauko. Maza suka taru a ƙofar Sambo, wasu suka tsaya a kan babura ba su kashe ba. Duk motar da ta ɓullo sai Hure ta ɗaga kai. Rana ta karkata. Can sai ga maigadin ofishin a kan keke, ya rusuna ya ce an aiko shi. Manya sun ce kada wani ma'aikaci ya yi magana a bainar jama'a sai an kammala bincike. Amma an ce a gaya wa Zuhura ta kwantar da hankalinta, za a duba yiwuwar ba ta keken ɗinki a zagaye na gaba.

Sambo ya dubi Hure, ya naɗe tabarmarsa.

Da safiyar Asabar Zuhura ta ɗaure kayanta. Ba su da yawa, duk da sun fi waɗanda ta zo da su. Ta share ɗakin tas, ta ajiye ankon bikin a kan gadon, a ninke.

"Ba inda za ki," Hure ta ce, ta tsaya a ƙofar zaure. "Gidana na. Su zo su hitar da ni tare da ke."

"Inna, jiya dutse anka jeho, ya faɗi kusa da kan Asma. Gobe wuta ta. Na ga gida yana ci sau ɗaya, ba ni son in ga naki."

"To in biyo ki."

"Ki biyo ni kango? Da wagga gwiwa taki?" Zuhura ta yi murmushi, hawaye na zuba. "Ki zauna ki yi daddawarki. In kin ga Rahina ki ce ina gaida Ladi."

Ta goya Asma, wadda tun da ta fara shan magani ba ta cika magana ba, ta ɗora ƙunshin a ka. Ta bi ta gaban ƙofofin da ta niƙa wa gero wata biyar, ba wadda ta buɗe. Kafin yamma labari ya zagaye Anka cewa matan kango guba suke sa wa mutane. Ranar Lahadi ko surfe ba wadda ta samu a cikinsu.

A gidan Hure akwai sauran garin dawa a kwano, niƙan ƙarshe na injin. Ita kaɗai ce ba ta binne nata ba. Da safiyar Litinin ta ɗora tukunya ta tuƙa tuwo da shi, ta kaɗa miyar kuka da daddawarta mafi kyau. Ta sa aka ɗora injin a amalanke. Ta ji cewa ranar nan manyan za su zo daga Gusau.

Shi ne take tsaye a ƙofar ofis tana kira.

Sai a kira na huɗu Almustapha ya fito, baƙin a bayansa, maza biyu da mace ɗaya mai tabarau. Masu wucewa sun fara tsayawa. Ya zo zai durƙusa.

"Tashi. Gwiwarka ba ta yi mini komai ba, bakinka nika nema."

"Inna, don Allah mu shiga ciki mu yi magana."

"Ciki kunka yi maganar da tak kawo mu nan." Ta sauke kwanon ta ajiye a kan dakalin ƙofa, ta buɗe. Tuwon yana tururi. "Ga shi. Niƙan injinka na, an wanke shi da omo. Bismilla. Ka kira baƙinka su taya ka."

Ba wanda ya motsa. Matar mai tabarau ta matso ta ce, "Baba, mun sami labarin, kuma muna baƙin ciki ƙwarai. Ana kan bincike. In an gama za a fitar da rahoto."

"Wa za shi karanta shi? Rahina? Ni? Ɗiyata, binciken nan na gama muku shi da ƙwaryar ruwa da kuɗin mota zuwa Gummi. Ranar da kunka ba da injin ba ku ce sai an yi bincike ba. Kun tara jama'a, kun ɗaura jan ƙyalle, kun ɗauki hoto, kun ce ga aikinku. To har yanzu aikinku na. Da yana kyau sunanku yaɗ ɗauka, da yaɓ ɓaci sai shi ɗauki sunan Zuhura?"

Almustapha ya ce da ƙaramar murya, "Inna, in na yi magana ba da izini ba, aikina zai tafi."

"Nata ya tahi. Da ɗakinta, da sunanta, da lahiyar ɗiyarta. Ni na bi ƙofa-ƙofa na hwaɗi laihina, na ce ban tambaya ba, an zage ni na sha. Ban mutu ba. Kai ma ba ka mutuwa."

Ta juya ta ce wa mai amalanke ya kwance igiya. Suka turo injin, ya sauko da ƙara ya tsaya daidai bakin ƙofar ofishin, ya tare ta, sai mutum ya karkata zai iya wucewa. Hure ta gyara zanenta ta hau kansa ta zauna, kwanon tuwon a gabanta yana hucewa.

"Kun ce kun zo ku mai da baƙo ɗan gari. Ta zama, da hannunta da guminta, kun warware. Ga unguwarmu can, tahiyar ƙafa ta, Sambo na zaune ƙofar gida, Rahina na ciki. Ko kai, ko wagga mai tabarau, ko wanda yaf hi ku duka, ni ban zaɓa ba. Ɗayanku shi tashi shi biyo ni, shi tsaya gaban mutane shi ce Zuhura ba ta sani ba, sannan mu wuce kango shi ɗauko mata ƙunshinta da kansa. Ba ni sauka daga kan ƙarhen nan sai na ji. To, wa za shi amsa?"